Kwanakin da Ba a Biyan Direban Tirela

Idan ɗan kasuwa ya sayi masara ko wake a Dawanau zai kai Legas, abu biyu ake ciniki a kai: yawan kaya da inda za a sauke su. Buhu nawa ne? Mile 12 za a kai, ko Iddo, ko wani sito a Ikeja? Da an daidaita sai a sa albarka, a ba da kafin alƙalami, mota ta shiga layin lodi. Ba wanda ke tambayar kwana nawa motar za ta yi kafin a cika ta, ko kwana nawa za ta yi a can kafin a sauke. Wannan tambayar da ba a yi ita ke cinye ladan direba, domin a duk masu hannu a cinikin shi kaɗai ne ke zaune da motar tun daga buhun farko har na ƙarshe.

Bari mu bi kuɗin mu ga inda suke shiga. Ba kasafai mai kaya ke sanin mai mota ba, ɗan kamasho ne ke haɗa su, kuma yana karɓar la'adarsa tun mota ba ta motsa ba. 'Yan dako a kan buhu ake biyansu, hannu da hannu, kafin magariba sun raba kuɗinsu sun watse. Ƙungiyar tasha ko ta kasuwa tana yankar tikitinta a ƙofa. Kuɗin motar kansa na mai mota ne: a ba da wani kaso a wurin lodi don a sha mai, a riƙe balas sai kaya sun isa, an ƙirga, an sa hannu.

Shi kuwa direba, hanyoyi uku aka fi biyansa da su. A manyan kamfanoni, irin na siminti da fulawa da dakon man fetur, akwai albashin wata wanda yawanci bai taka kara ya karya ba, sai alawus na kowane sawu, wanda shi ne ainihin abin da yake riƙe gida da shi. A wurin masu mota ɗaya ko biyu, wani kaso ake yanka masa daga abin da ya rage bayan an cire mai da gyara. Wasu kuma dunƙule kuɗi suke yi su miƙa masa, a ciki zai sayi gas, ya ci abinci, ya sallami na kan shinge, abin da ya yi saura nasa ne. Tsarin uku ne amma ma'auni ɗaya ne: sawu. Wanda ya yi sawu huɗu a wata ya samu, wanda layi ya riƙe shi ya yi biyu ya rasa rabi, alhali duka biyun kwana 30 suka yi ba sa gida.

Na san abin da mai kaya zai ce, kuma ba ƙarya ya yi ba: direba ai ba ya ɗaukar buhu a ka, me za a biya shi a lodi? A ƙasarmu, ba kamar wasu wurare ba, ɗaukar kaya sana'ar wasu ce daban. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tirela ana cika ta ya san direban ba hutawa yake yi ba. An jingina katako daga ƙasa zuwa bakin bodi, 'yan dako suna hawa ɗaya bayan ɗaya, katakon yana lanƙwasa a ƙarƙashinsu. Direba na tsaye a gindinsa yana ƙirgawa, domin duk lambar da aka rubuta a takardar kaya a wuyansa take. Yana duba buhun da ya yage ko ya jiƙe, ya ce a ware shi ko a rubuta. Yana leƙa yadda ake jera kayan, don idan nauyi ya taru a baya ko ya rinjaya gefe guda, shi zai ji a sitiyari a gangaren hanya, kuma shi za a zarga idan mota ta kwanta. Sai an gama ya hau sama shi da yaron mota su ja tamfol, su ɗaure igiya, su bi su ƙara tamkewa. Idan dare ya yi ba a cika ba, a ƙarƙashin motar zai shimfiɗa tabarma, kunnensa a kan tankin mai da batir. Wannan ƙirga ne da gadi da lissafin nauyi da ɗaukar alhaki, kuma babu ko ɗaya da aka yanka wa farashi.

Lodin ma da sauƙi, don mai kaya na ɗokin ganin mota ta tashi. A wurin saukewa ne abin ke tsami. An iso, an buga waya:

"Alhaji, mun iso tun asuba, muna bakin kasuwa."

"Madalla, sannunku da hanya. Ku ɗan yi haƙuri, siton bai samu ba, gobe insha Allahu."

Goben nan takan zama jibi, ta zama gata. Wani lokaci da gaske siton ne ya cika. Wani lokaci kuma kasuwa ce ta faɗi, mai kaya na jiran farashi ya ɗaga, ko yana so ya sayar daga kan mota ya huta da biyan haya da dako sau biyu. Ya samu wurin ajiya kyauta da mai gadi kyauta, kuma balas na hannunsa, don haka direba ba shi da bakin magana. Idan ya ɗaga murya, a kira maigidansa a ce yaronka ba shi da ladabi.

Akwai hujja a cikin kasuwar kanta da ke nuna jiran nan ba ƙaddara ba ne. A duba motar tumatir da ta taso daga Kwanar Gafan, ko motar shanu daga Potiskum ko Maigatari. Waɗannan ba sa kwana a bakin kasuwa. Tun mota na hanya an tanadi masu saukewa, mai kaya na bugo waya kowane lokaci, har yakan yi wa direba alkawarin tukwici idan ya iso da wuri. Dalili a fili yake: kowace awa da ta wuce tumatir na ruɓewa, sa na ramewa ko ya faɗi, asarar kuma ta mai kaya ce. Inda jinkiri ke taɓa aljihun mai kaya, jinkiri ba ya samuwa. Inda yake taɓa direba kaɗai, sai ya zama al'ada.

Babu inda wannan ya fito fili kamar tashar jiragen ruwa ta Apapa da Tin Can. Shekaru aka yi tireloli da tankoki suna jere a kan gadojin Legas, daga Ijora har abin ya kai hanyar Ikorodu, wasu na yin makonni kafin su kai ƙofar tasha. Direbobi, da yawansu 'yan Arewa, a nan suke barci, a nan suke wanka da ruwan jarka, ba banɗaki, ga masu karɓar na goro a kowane shinge. A 2019 fadar shugaban ƙasa ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo don kwashe motocin. A watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, lokacin Hadiza Bala Usman na shugabantarta, ta fito da tsarin Eto tare da kamfanin Truck Transit Parks, inda mota za ta yi rajista ta intanet, ta jira a gareji irin na Lilypond har a kira ta. Tsarin ya rage cunkoso a kan titi, wannan gaskiya ne, ko da yake masu motoci sun sha kokawa kan cuwa-cuwar tikiti. Amma abin da ya yi shi ne sauya wurin jira, bai sa wa jiran farashi ba.

Abin da ya fi ci mini rai a harkar tashar shi ne kowa a can ya san lokaci kuɗi ne. Jirgin ruwa idan ya wuce kwanakin da aka yi yarjejeniya, akwai tarar jinkiri. Kwantena idan ta wuce kwanakin kyauta, kamfanin jirgin na ƙirga kuɗi a kowace rana, ya cire daga ajiyar da mai kaya ya bayar. Mai filin tasha ma na cajin kuɗin ajiya a kowace rana, kuma kuɗin na ƙaruwa yayin da kwanaki ke tafiya. Akwatin ƙarfe yana da farashin kwana a rubuce. Mutumin da ke ɗauke da akwatin a bayan motarsa, wanda ya yi sati yana neman inda zai mayar da shi fanko, ba shi da shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ko a inda mai mota ya iya matsa wa mai kaya ya biya shi kuɗin kwanan mota, ba lallai ba ne ko sisi ya gangaro wurin direba, don a ganin mai mota motarsa ce ta yi asarar aiki.

Ga kuma giɓi. Direban tanka ya yi kwanaki a layin daffo, an yi masa lodi, an auna, an sa hatimi. Ya isa gidan mai, manaja ya hau da sandar awo, ya tsoma, ya ce lita kaza ta yi ƙasa. Mai yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, ma'auni na iya bambanta tsakanin daffo da gidan mai, fili ma idan ba a miƙe yake ba awo na sauyawa. Haka direban siminti ko shinkafa idan an ce buhu biyar sun fashe. Galibi daga alawus ɗinsa ake cirewa. Ba na cewa duk direbobi masu gaskiya ne. Akwai masu zuƙar mai a hanya, kowa ya sani. Abin da nake cewa, tsarin ya ɗora masa cikakken alhakin kaya a lokacin lodi da saukewa, sannan ya ce waɗannan awannin ba aiki ba ne.

Sakamakon kuma ba a gareji yake tsayawa ba, a kan titi ake ganinsa. Mu ƙaddara an ba direba kuɗin hanya na sati ɗaya, jira ya mayar da tafiyar sati biyu. Kuɗin abinci ya ƙare, ga yaron mota da shi ke ciyar da shi, ga gida ana bugo waya. Da zarar an sallame shi, me zai yi? Zai nemi rama kwanakin a kan kwalta. Daga Legas zuwa Kano fiye da kilomita 1,000 ne, sai ya ƙi tsayawa a Ogere ko Tafa ko Marabar Jos inda ya kamata ya runtsa, ya kora barci da shayi mai kauri da goro, wasu da ƙwaya. Zai yarda a ƙara masa lodi fiye da ƙima don a ɗan ba shi wani abu. Zai ɗora fasinja a kan kaya, abin da ya sa idan tirela ta faɗi ake jin an rasa rayuka da yawa lokaci guda. Jami'an kiyaye haɗura suna kama gudu da lodin wuce ƙa'ida, kuma daidai ne su kama, amma asalin matsalar tun a bakin sito aka ƙulla ta.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba, kuma yadda wasu suka tunkare shi akwai abin dubawa. A Amurka yawancin direbobin doguwar tafiya a kan mil ake biyansu, kuma dokar ƙwadago ta 1938 ta cire su daga cikin waɗanda tilas a biya kuɗin ƙarin lokaci. Dokar hanya ta ba direba damar tuƙi na awa 11 a cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki, sannan ya huta awa 10. Tun daga Disambar 2017 na'ura ce a cikin motar ke rubuta lokacin, ba littafin hannu ba. To idan sito ya riƙe shi awa biyar, waɗannan awannin daga cikin abin da zai yi tuƙi ya samu kuɗi suke fita. Al'adar da suka ginu a kai ita ce awa biyu na farko kyauta ne, bayan nan mai kaya ya fara biyan kuɗin tsarewa a kowace awa, duk da cewa karɓar kuɗin kansa wani yaƙi ne. A manyan sitocin kayan abinci kuma akwai 'yan dako na haya da ake sa direba ya biya daga baya a mayar masa, kuma dokar tarayya ta hana a tilasta masa ya sauke da kansa ko ya ɗauki masu saukewa. A 2018 ofishin babban mai bincike na Ma'aikatar Sufurin ƙasar ya ƙiyasta cewa jira na rage wa direbobin haya dala biliyan 1.1 zuwa 1.3 a shekara, kuma ƙarin minti 15 a matsakaicin lokacin jira na ɗaga yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin ɗari. Wato abin da direban Kano ke ji a jikinsa, su sun auna shi da lamba.

Sifaniya ce ta fi kowa yanke magana. Bayan masu motoci sun yi barazanar yajin aiki dab da Kirsimetin 2021, gwamnati ta fitar da doka a Maris 2022 da ta hana direban motar da ta haura tan 7.5 yin lodi ko sauke kaya, ban da wasu 'yan nau'o'i irin su tanka da motar kwashe kayan gida. Ta kuma ce idan mota ta jira fiye da awa ɗaya, mai kaya zai biya diyya. Haramcin ya fara aiki a Satumbar shekarar.

Ba sai mun je Turai neman asalin wannan hukunci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba ɗan ƙwadago gida biyu: wanda aka ɗauka a kan aiki ayyananne, kamar tela da aka kai wa ɗinki, da wanda aka ɗauka shi kaɗai na wani lokaci. Na biyun ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, ko an ba shi aikin ko an bar shi a zaune. Direban da ba shi da ikon barin mota ya tafi neman wani abin yi, a ganina, a nan ya faɗa.

Sai dai adalci ne a saurari mai mota shi ma, don ba a kan tudun kuɗi yake zaune ba. Gas ya yi tsada, taya da kayan gyara da dala ake shigo da su, ramukan hanya na cin mota, haraji kuma kowace jiha da ƙaramar hukuma da nata. A Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta janye tankokinta daga dakon fetur saboda kuɗin dakon bai isa ya mayar da abin da ake kashewa ba, sai da gwamnati ta shiga tsakani. Kuma motoci sun fi kaya yawa a mafi yawan lokuta. Mai motar da ya ce sai an rubuta masa kuɗin jira, ɗan kamasho zai juya ya kira na bayansa. Shi ya sa mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, ko da ya yi niyya. Ƙari a kan haka, yawancin cinikin da baki ake yinsa, bisa amana da sanayya, direban ma sau da yawa ɗan'uwa ne ko yaron gida da ya taso daga karen mota, wanda kunya ba za ta bar shi ya tambayi maigida haƙƙin kwana ba.

Akwai ma jiran da ba mai kaya ne ya jawo shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyakoki, motoci sun yi cirko-cirko a Illela da Jibiya da Malanville ta ɓangaren Benin, wasu ɗauke da albasa da kayan da ke lalacewa. Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa, kuma asara ce babba. Direbobin da suka zauna gadin waɗannan motoci, sawu ɗaya tak aka ƙirga musu.

Ƙungiyoyi suna da ƙarfin da za su iya taɓa wannan. Reshen direbobin tanka na NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur, idan ya ajiye makulli, cikin kwana biyu layi ya cika gidajen mai. Ƙungiyoyin sufuri na NURTW da RTEAN suna tashoshin mota da dama, AMATO ta masu manyan motoci kuma tana bakin tashar ruwa. Amma an fi jin muryarsu a kan shinge da haraji da kuɗin dako, wato abubuwan da suka haɗa direba da mai mota wuri ɗaya. Kuɗin jira abu ne da zai sa direba ya fuskanci maigidansa da mai kaya gaba ɗaya, kuma a wasu ƙungiyoyin masu mota da direbobi a inuwa ɗaya suke, shugabannin ma masu motoci ne.

Abin da nake ganin zai yiwu bai fi ƙarfinmu ba. Takardar kaya da ake sa wa hannu a wurin lodi da wurin saukewa, a ƙara mata layi biyu: ranar da awar da mota ta iso, da ranar da awar da aka sallame ta. Shugabannin kasuwa da ƙungiyar masu motoci su yanke wa'adi guda da zai hau kan kowa, a ce kwana ɗaya na lodi, kwana ɗaya na saukewa, abin da ya haura mai kaya ya biya a kowace rana, a kuma rubuta ƙarara kason da zai shiga hannun direba da yaronsa. Idan a kasuwa ɗaya kamar Dawanau aka fara, babu mai motar da zai ji tsoron a tsallake shi, tunda na bayansa ma sharaɗin ɗaya ne. A tashar ruwa ma aikin ya fi sauƙi, domin tsarin Eto ya riga yana rubuta lokacin da kowace mota ta shiga gareji da lokacin da aka kira ta, kuma Majalisar Masu Shigo da Fitar da Kaya ta Najeriya tun 2014 aka ba ta ikon sa ido a kan farashi a tashoshin. Giɓi kuma a daina cire shi daga alawus sai an auna a gaban direba, da ma'aunin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, an rubuta abin da aka gani kafin a kwance hatimi.